WANDA YA RIƘE RAGAMAR TARO: MAI HUKUNCI NE KO MAI RIƘON AMANA?

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin bayi, wanda ya raba hankali tsakanin mutane bai tara shi a kan mutum guda ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda su ka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana saurayi, akwai tambaya guda da na ke so mu zauna a kanta a wannan ɗan littafi. Idan jama'a su ka taru domin su yanke wani al'amari, su ka ce kai ne za ka jagoranci zaman, shin mene ne su ka damƙa maka? Hukunci su ka ba ka, ko kuwa amana? Kada ka yi gaggawar amsawa, domin yawancin ƙungiyoyin samari da su ka watse, a kan wannan tambaya su ka watse, ko da ya ke su kansu ba su sani ba.

CUTAR DA KE CIN TARURRUKANMU

Na taɓa zama a wani kwamiti na samarin unguwa da a ka kafa domin rufin wata makarantar Islamiyya. An tara kuɗi, damina ta kusa. Shugaban zaman mutumin kirki ne, ba mai cin amana ba ne. Amma kullum in an zauna sai ya fara da cewa, “Ni dai a ganina kaza za a yi, ko akwai mai ja?” Sai kowa ya sunkuyar da kai. Akwai wani yaro kafinta a cikinmu, ya san katakon da a ke shirin saye ɗanye ne, zai lanƙwashe. Bai ce uffan ba, domin babu wanda ya tambaye shi, kuma ya ji nauyin ya ja da na gaba da shi. A ka sayo, a ka rufa, kafin shekara ta zagayo rufi ya lotsa. Ranar da a ka zauna neman mai laifi, sai ga mutum biyar kowa yana cewa, “Dama ni raina bai kwanta ba.” To ina ku ke ranar da a ka yanke? Ni ma da na ke ba ka labari ina cikin waɗanda su ka yi shiru, Allah ya gafarta mini. Daga nan kwamiti bai sake zama ba.

Ka duba da kyau. Ba a saci ko kwabo ba, ba a yi ƙarya ba. Abin da a ka rasa shi ne mutum guda wanda ya iya tafiyar da zama har ilmin da ke ƙirjin kafinta ya iso kunnen jama'a. Ilmin yana cikin ɗakin, amma bai fito ba.

Akwai kuma ɗaya cutar, kishiyar wannan. Ka je taro a ce ƙarfe takwas, a fara tara da rabi. Kowa na magana, babu mai saurare. Mutum uku masu murya su cinye lokaci, a tashi daga zancen rijiya a faɗa zancen wanda bai gai da wani a kasuwa ba. Sha biyun dare a watse, in ka tare mutum biyu a ƙofa ka ce me a ka yanke, kowa zai gaya maka abu daban. Taron tsintsiya ke nan, ba shara. Yau ma an ƙara da zauren WhatsApp, inda a ke kwana ana musu, safiya ta yi babu wanda ya san matsaya.

MATSAYIN SHAWARA

Ka sani shawara ba ado ba ce. A cikin Alƙur'ani akwai sura sukutum da a ke kira Suratush Shura, sura ta 42. A aya ta 38 Allah ya ambaci shawara cikin siffofin muminai, ya sanya ta tsakanin tsai da salla da ciyarwa. Har yaye jariri, a Suratul Baƙara aya ta 233, an rataya shi ga yardar uwa da uba da shawararsu. In abu ƙanƙane kamar wannan bai halatta mutum guda ya yanke shi da ƙarfin tuwo ba, ina ga dukiyar jama'a? A ƙasarmu ma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙ, ya lissafa ginshiƙan mulki biyar, ya sanya lizimtar shawara a cikinsu, tare da barin kaushin hali da kuma hana shugabanci ga mai nemansa.

Amma ga inda mu ke tuntuɓe. Muna tsammanin da zarar an tara mutane a ɗaki, shawara ta auku. A'a. Tara mutane daban, fitar da abin da ke cikin kawunansu daban. Alwala wajiba ce ga mai salla, amma sai an koya wa yaro yadda a ke yin ta. Haka shawara. Wanda ya yarda da ita amma bai koyi yadda a ke gudanar da ita ba, zai riƙa ɓata ta yana zaton yana raya ta.

ABIN DA MAGABATA SU KA NUNA MANA

Tun kafin annabci, sa'ad da Manzon Allah (S.A.W.) ya ke da shekara 35, Ƙuraishawa su ka sake gina Ka'aba, su ka yi saɓani kan wace kabila za ta mayar da Hajarul Aswad wurinsa, har a ka kusa zub da jini. Da a ka sa shi alƙalanci, yana iya ɗauka ya sa da hannunsa shi ke nan, ko ya zaɓi danginsa. Sai ya shimfiɗa mayafi ya ɗora dutsen, ya sa kowace kabila ta kama gefe, su ka ɗaga tare, sa'an nan ya daidaita shi. Watau ya gane abin da ke damunsu ba dutsen ba ne, tsoron a ce an bar su a baya ne. Mai jagorancin zama dole ya iya hango abin da ke ƙarƙashin rigima.

A Badar, shekara ta 2 bayan hijira, masu tarihi sun kawo cewa Hubabu bn Munzir ya tambayi Manzo (S.A.W.) ko wurin da a ka sauka wahayi ne ko kuwa dabarar yaƙi. Da ya ji dabara ce, sai ya kawo shawarar a matsa zuwa rijiyar da ta fi kusa da abokan gaba, a ka kuwa bi shawararsa. Darasi biyu ke nan. Na farko, a rarrabe abin da nassi ya riga ya yanke, wanda ba a sa shi a ƙuri'a, da abin da a ka bar wa hankalin mutane. Na biyu, ka tambayi kanka: wane irin shugaba ne wannan da mabiyinsa bai ji tsoron tashi ya ce akwai wurin da ya fi wannan ba? Haka a shekara ta 5, shawarar haƙa ganuwa ta fito daga bakin Salmanu, mutumin Farisa, baƙo a cikin Larabawa. Da an ce baƙo ya yi shiru, da an yi asarar ta.

Ga wani kuma da ya kamata kowane shugaban zama ya rubuta a zuciyarsa. A shekara ta 8, bayan yaƙin Hunaini, mutanen Hawazin su ka zo sun musulunta suna neman a mayar musu da iyalansu da a ka kama. Manzo (S.A.W.) ya nemi yardar sahabbai, jama'a su ka amsa gaba ɗaya cewa sun yarda. Amma bai karɓi wannan amsa ba. Ya nuna musu cewa a cikin taro ba a iya sanin wanda ya yarda da wanda bai yarda ba, ya ce su koma, wakilansu su tambaye su su kawo bayani. Buhari ya ruwaito wannan. Ka ji fa! “Mun yarda” ta cikin hayaniya ba ta isa ba, matuƙar akwai hakkin mutane a ciki. To kai da ka ke cewa “Kowa ya yarda ko?” kana tattara takardunka, daga ina ka samo naka?

Sayyidina Umar (R.A.), da ya nufi Sham ya isa wani wuri da a ke kira Sarag, sai labari ya zo cewa annoba ta ɓarke. Bai tara kowa da kowa a fili guda ba. Ya kira Muhajirai na farko, su ka saɓa. Ya sallame su ya kira Ansaru, su ma su ka saɓa. Sa'an nan ya kira dattawan Ƙuraishawa, su ka haɗu a kan a koma. Daga baya Abdurrahman bn Auf ya iso da hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta ke. Ka ga tsari: rukuni rukuni, kowa ya sami sararin magana, kuma ilmi ya zo ya tabbatar.

Shi wannan Abdurrahman (R.A.) kuwa, shi ne babban misali. A ƙarshen shekara ta 23, da a ka soki Umar, ya bar al'amari a hannun mutum shida: Usmanu, Aliyu, Ɗalha, Zubairu, Sa'adu bn Abi Waƙƙas da Abdurrahman, ya kuma yanka musu kwana uku. Me Abdurrahman ya yi? Ya fara da cire kansa daga neman halifanci, domin sauran su amince masa. Sa'an nan ya shiga zagaya Madina yana jin ra'ayin mutane, har an ruwaito cewa bai sami barcin kirki ba a waɗannan darare. Ya gana da Aliyu shi kaɗai, ya gana da Usmanu shi kaɗai, ya karɓi alkawari, sa'an nan ya sanar a masallaci gaban jama'a. Ka ƙirga: adadi sananne, wa'adi sananne, mai gudanarwa wanda ba shi da rabo a ciki, sauraro a keɓe, sanarwa a fili.

AMSAR TAMBAYARMU

To yanzu mu koma. Wanda ya riƙe ragamar zama, amana a ka ba shi. Amanar lokacin mutane, da amanar hankulansu. Aikinsa kamar na mai awo ne a kasuwa: ba hatsinsa ba ne, mudu kawai ke hannunsa. In ya danna mudun saboda abokinsa, ya yi tauye, ko da abin da ya fi so ɗin shi ne daidai.

A nan wani zai ce, “Malam, in na san gaskiya, don me zan bar jama'a su yi ta kewaye? Ba sai in tura su gare ta ba?” Wannan tambaya ce mai nauyi. Amsa ta farko: wa ya tabbatar maka kai ne mai gaskiyar? Shugaban kwamitinmu ma haka ya zata. Amsa ta biyu: in ka riga ka yanke a zuciyarka, ko kun ƙulla a zauren wani da dare ku huɗu, sa'an nan ka kira mutane da sunan shawara, ka yaudare su. Ka ci lokacinsu, ka ari sunayensu ka lulluɓe ra'ayinka. Gara ka fito fili ka ce, “Na yanke, sanarwa na kira ku.” Wannan ya fi kusa da gaskiya. Amsa ta uku: mutane ba su ɗaukar kayan da ba da su a ka ɗaure ba. Hausawa su ka ce shawara ɗaukar ɗaki. Jinkar da mutum goma za su ɗaga, in tara ba su san inda za a kai ta ba, a hanya za ta faɗi.

Wani kuma zai ce, “To in rinjaye ya yi kuskure fa?” Lalle yana yi. Dubi Uhudu a shekara ta 3. Ra'ayin Manzo (S.A.W.) shi ne a zauna cikin Madina. Samari irinka, musamman waɗanda Badar ta wuce su, su ka matsa a fita. Ya shiga ya sa sulke. Da su ka ga kamar sun tilasta shi, su ka ce a koma ra'ayinsa, bai yarda a warware ba bayan an ƙulla. A ka fita, a ka rasa sahabbai kusan 70, har da Hamza (R.A.). Da ni da kai ne, da mun ce daga yau an daina shawara. Amma aya ta 159 a Suratu Ali Imrana, wadda ta sauka a kan wannan al'amari, umurni ta yi a yafe musu, a nema musu gafara, a ci gaba da shawartarsu, in an ƙudura kuma a dogara ga Allah. Ka lura kuma, abin da ya juya yaƙin shi ne saukowar yawancin maharba hamsin daga kan dutse, watau saɓa abin da a ka tsayar. Malamai sun yi saɓani kan ko sakamakon shawara yana ɗaure shugaban ƙasa ko kuwa haske ne kawai gare shi. Amma ƙungiyar da ku ka kafa da yardarku, ku ka rubuta mata doka cewa rinjaye a ke bi, wannan alkawari ne, cika shi kuwa wajibi ne.

ABIN DA WAƊANSU SU KA GANO

Hikima kayan mumini ce, ba a ƙin ta don ta fito daga nesa. A shekarar 1951 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Solomon Asch, ya yi gwaji. Ya zaunar da ɗalibi cikin waɗansu mutane da ya haɗa baki da su, ya nuna musu layuka a kan kati, ya ce su faɗi wanda ya yi daidai da wani a tsawo. Amsa a fili ta ke. Amma da mutanen nan su ka riƙa faɗin amsar ƙarya da gangan, kusan kashi ɗaya cikin uku na amsoshin ɗaliban sun bi taron, kuma wajen mutum uku cikin huɗu sun bi ko da sau ɗaya. Da ya sa mutum guda kawai ya faɗi gaskiya, sai bin taron ya ragu ƙwarai. In haka ta faru a kan layi a kati, yaya yaro kafinta a gaban yayyensa?

Haka wani injiniyan soja mai suna Henry Robert, an taɓa sa shi jagorancin wani taro a majami'a a 1863, ya rasa yadda zai yi, ya ji kunya. Bai ce laifin mutane ba ne. Ya zauna ya koyi abin, har a 1876 ya buga littafin ƙa'idojin gudanar da taro wanda ƙungiyoyi da yawa su ka ɗauka. Mu da mu ke da misalin Abdurrahman tun ƙarni goma sha huɗu, me ya hana mu koya?

YADDA ZA A HORAR DA MASU JAGORANCIN ZAMA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ku jira sai rigimar kuɗi ta taso sa'an nan ku nemi wanda zai raba. Kowace ƙungiya ta ware samari uku ko huɗu, ba lalle masu baki ba, a'a, masu haƙuri da kunne. A sa su zauna kusa da wanda ya iya suna kallo. Sa'an nan a riƙa ba su ƙananan zama da karɓa-karɓa, kamar tsara sharar masallaci ko ziyarar asibiti. In an tashi, wani babba ya keɓe da shi ya ce ga inda ka gyara, ga inda ka katse wane, ga wanda bai yi magana ba ba ka lura ba. Abubuwan da za a koya masa su ne:

1. Ya sanar da abin da za a tattauna tun kafin ranar, da lokacin farawa da na tashi, kuma ya cika.

2. Ya buɗe da faɗin tambayar a jimla guda. “Yau za mu yanke ko a fara rijiya ko a fara katanga.” In an kauce ya dawo da mutane cikin ladabi.

3. A fara da bayani kafin ra'ayi. Nawa ke hannun ma'aji? Nawa maginin ya ce? Rabin musunmu a kan abin da tambaya guda za ta warware ne.

4. Ya fara jin ƙanana kafin manya, da masu sana'ar kafin masu muƙami. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. In babba ya fara, bakin yara ya mutu.

5. Ya riƙe nasa ra'ayin sai ƙarshe. In al'amarin ya shafe shi ko ɗan'uwansa, ya miƙa kujerar ga wani.

6. Ya iya maimaita maganar mutum har mai ita ya ce, “Haka na ke nufi.” Wannan shi ne mafi wuya, musamman maganar wanda ba ka so.

7. Ya nemi mai saɓani da kansa: “Wa ke ganin illa a wannan?” In abin mai nauyi ne, a rubuta a takarda ba suna, ko a bi mutane ɗaya ɗaya.

8. Ya hana zagi da gori da tono abin da ya wuce. A soki magana, a bar mai ita da mutuncinsa.

9. Kafin addu'ar tashi, magatakarda ya karanta abin da a ka yanke: me za a yi, wa zai yi, yaushe. Zama na gaba da wannan za a fara.

NAKA RABON

Wataƙila ka ce kai ba shugaba ba ne. To ka sani mahalarci ma yana da nasa hisabin. In ka san katako ɗanye ne ka yi shiru, ka ci amanar 'yan'uwanka, kunya kuwa ba za ta zame maka hujja ba. Ka faɗa da ladabi, sau ɗaya, a fili. In an bi naka, kada ka yi alfahari. In an bar naka, matuƙar ba saɓon Allah a ka yanke ba, ka sa hannu a aikin kamar kai ka kawo shawarar. In abin ya lalace, ka kama bakinka daga “ai na faɗa.” Kuma abin da a ka tattauna a asirce, kada ya riga ka isa majalisar mai shayi.

Ya ɗan'uwa, yau kwamitin rufin makaranta ne, gobe kai ne mai gida, kai ne shugaban ma'aikata, wataƙila kai ne mai riƙe da gari. Wanda bai koyi sauraron mutum goma a kan tabarma ba, ba zai saurari dubu a kan kujera ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ka fara daga zama na gaba: ka duba wanda ya fi kowa shiru a ɗakin, ka kira sunansa, ka ce, “Malam wane, kai me ka gani?” Sa'an nan ka yi shiru ka jira amsarsa.

Allah ya sa mu cikin masu jin magana su bi mafi kyawunta. Allah ya tsare mu daga son kai da son girma, ya haɗa kawunanmu a kan alheri, ya gafarta mana abin da mu ka yi kuskure. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Amin.